Matan Girka da ilimin kimiyya: jinsi ne ya tare su ko rashin abin hannu?

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Kullum ana ce mana Girka ce tushen lissafi da falsafa, ana kuma kawo sunan Hypatia a matsayin hujjar cewa matansu sun daɗe da shiga ilimi. Yaushe ne matan Girka suka fara karanta kimiyya da koyar da ita a makarantu, kuma me ya fi tare su, kasancewarsu mata ko talaucin gidajensu?

Amsa: Malama, abu biyun tare suka yi aiki, amma kowanne da inda ya kama. Jinsi ne ya yanke irin makarantar da hukuma za ta gina da wadda ba za ta gina ba. Abin hannun iyaye kuma shi ya yanke wace yarinya za ta iya tsallake giɓin da aka bari. Wanda ya dubi ɗaya ya bar ɗaya ba zai gane dalilin da ya sa Girka ta yaye dubban malamai mata tun a ƙarni na 19, amma mace ba ta sa ƙafa a jami'ar ƙasar ba sai 1890.

Zamanin da ba zai ɗauke mu lokaci ba, domin shaidar da ta rage kaɗan ce. Hypatia gaskiya ce: ta koyar da lissafi da ilimin taurari da falsafa a Iskandariya ta ƙasar Masar, manyan mutane sun yi karatu a gabanta, aka kashe ta a shekara ta 415. Sai dai mahaifinta Theon shi kansa babban malamin lissafi ne, a gida ta sami ilimin. Jerin mabiya Pythagoras da ya iso gare mu yana da sunaye 235, mata 17 ne a ciki. A Atina an sami dutsen kabarin wata mata mai suna Phanostrate, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta a kai cewa ungozoma ce kuma likita. A garin Teos kuma akwai rubutun dutse da ya nuna wani attajiri ya bar dukiya a riƙa biyan malaman karatu uku, dirakma (kuɗin Girkawa na lokacin) 600 da 550 da 500 a shekara, su koyar da yara maza da mata. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne uba masani, ko gida mai hali, ko sana'ar da ta shafi jikin mata. Babu wata hanya a buɗe da 'yar manomi ko baiwa za ta bi. Tsakanin Hypatia da ɗalibar jami'a ta farko a Atina akwai shekaru kusan 1,500, saboda haka sunanta ba ya bayyana komai game da makarantun Girka ta yanzu.

Labarin da ya shafi tambayarki ya fara ne bayan Girka ta ɓalle daga Daular Usmaniyya ta Turkawa ta zama ƙasa a 1830. An kawo mata sarki daga Bavariya ta ƙasar Jamus, Otto, yana yaro, masu riƙon mulki a madadinsa suka tsara ilimi irin na ƙasarsu. Dokar firamare ta 1834 ta wajabta karatu ga yara daga shekara 5 zuwa 12, maza da mata. A takarda wannan ya sha gaban ƙasashe da yawa na Turai. Sai aka ɗora kuɗin gina makaranta da biyan malami a kan ƙananan hukumomi, waɗanda akasarinsu ƙauyuka ne da suka fito daga yaƙi ba su da komai. Ƙaramar hukumar da za ta iya ɗaukar malami ɗaya tak, makarantar maza take buɗewa. A wasu wuraren 'yan mata ƙalilan sukan raɓa su zauna da maza, har ma'aikatar ilimi ta hana cakuɗa su a 1852. Hanin bai zo da kuɗin gina wa mata tasu makarantar ba, don haka a ƙauyuka da yawa ma'anarsa ita ce yarinya ta koma gida. Ƙidayar 1879 ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na mata ba su iya karatu da rubutu ba, maza kuwa wajen kashi 70. A 1907 mata suna sama da kashi 80, maza sun sauko wajen rabi.

Yanzu ki dubi tsarin kamar tsani. Yaro namiji yakan yi shekara huɗu a firamare, ya wuce makarantar da ake kira ta Helenanci shekara uku, sannan jimnasiyo shekara huɗu. Dokar 1836 ce ta kafa waɗannan matakai biyu na sakandare, kuma gwamnati ce ke riƙe da su. A jimnasiyo ake koyon tsohon Girkanci mai zurfi da Latin da aljabara da jometiri da fiziks. Wanda ya gama ya sami takardar kammalawa, da ita ake shiga Jami'ar Atina da aka buɗe a 1837. A wannan jami'a lissafi da kimiyya suna ƙarƙashin tsangayar falsafa har 1904, lokacin da aka ware musu tasu. Ga yarinya kuwa, gwamnati ta sa matakin farko ta tsallake na biyu da na uku. Ba ta buɗe wa mata jimnasiyo ko ɗaya ba sai 1917. Ba a buƙatar wata doka mai cewa mace ba za ta karanta fiziks ba. An ce a kawo takarda, makarantar da ke ba da takardar kuma ba ta ɗaukar mata.

Masu zaman kansu ne suka cike wurin, kuma a nan ne kuɗi ya shigo. A 1831 wasu 'yan mishan daga Amurka, John Hill da matarsa Frances, suka buɗe makaranta a Atina, wadda ta shahara da karantar da 'yan mata. A 1836 wasu malamai, cikinsu har da Ioannis Kokkonis da Georgios Gennadios, suka kafa ƙungiyar masu son ilimi, ta buɗe makarantar 'yan mata a shekara mai bi. Wani likita attajiri mazaunin Romaniya, Apostolos Arsakis, ya biya kuɗin babban gininta a tsakiyar Atina, aka riƙa kiranta Arsakeio. A 1861 gwamnati ta amince da ita a matsayin makarantar horar da malamai mata. Wato hukuma ta miƙa wa wata ƙungiya mai karɓar kuɗin makaranta aikin samar wa ƙasa malaman 'ya'yanta mata, ta zauna a haka fiye da shekara hamsin. Daga baya makarantar ta yi rassa a Kerkira da Patra da Larisa. A Istanbul, inda Girkawa masu arziki suke da yawa, Konstantinos Zappas ya ɗauki nauyin makarantar Zappeio a 1875, Kalliopi Kehagia ta shugabance ta.

A cikin irin wannan makaranta 'yan mata iri biyu ne ke zaune, bukatunsu kuma sun saɓa. Akwai 'yar babban ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci, wadda iyayenta ke biyan kuɗin kwana. Abin da suke so ta fito da shi shi ne Faransanci da kiɗan fiyano da zane da iya zama cikin manyan mutane, domin aure ne a gabanta, yin aikin albashi ma abin kunya ne ga gidansu. Akwai kuma 'yar ƙaramin ma'aikaci, ko 'yar limamin coci, ko marainiya, wadda ƙaramar hukumarsu ko ƙungiyar ta ɗauki nauyinta da sharaɗin ta koyar idan ta gama. Ita takardar koyarwa take nema don ta ci abinci. A Girka ta wancan lokaci iyayen amarya ne ke ba da dukiya, gona ko gida ko kuɗi, kafin a auri 'yarsu. Ba sadaki ba ne, daga wajen mace yake fitowa. Yarinyar da ubanta ba shi da abin bayarwa, albashin koyarwa ne zai tara mata, wani lokaci har da na ƙannenta. Ba a soke wannan al'ada a doka ba sai 1983.

Manhajar da aka tsara ta yi ƙoƙarin gamsar da su biyun, kimiyya ce ta biya kuɗin sulhun. Addini da tsohon Girkanci da Faransanci da tarihi sun ɗauki kaso mai tsoka. Ɗinki da saƙa da kiɗa da zane da tattalin gida suka ɗauki wani. Lissafi ya tsaya ga ƙidaya da ɗan jometiri. Fiziks da sanin tsirrai da dabbobi ana taɓa su sama-sama, a kuma karkatar da su zuwa amfanin gida: tsabta, abinci, renon yaro. Latin da jimnasiyo ke koyarwa babu shi. Ko da yarinya ta fi kowa ƙwaƙwalwa, takardar da za ta fita da ita ba daidai take da ta jimnasiyo ba, ba kuma ta kai mutum jami'a. Manyan azuzuwan kuma, musamman darussan kimiyya, maza ne ke koyar da su, malaman jimnasiyo da na jami'a masu zuwa su ba da darasi su tafi. Ba yadda za a yi mace ta koyar da abin da ba a yarda ta karanta ba.

Hujjar da ake kafawa ita ce wadda ta zagaye Turai duka a lokacin: an halicci mace don gida, yawan wahalar da ƙwaƙwalwa zai taɓa lafiyarta da haihuwarta. Girkawa sun ƙara tasu a kai. Ƙasar sabuwa ce, tana da burin haɗe Girkawan da suka rage ƙarƙashin Turkawa, saboda haka ana son uwa mai karatu da za ta shayar da ɗanta harshe da addini da kishin ƙasa. Wannan tunani ya buɗe wa mata ƙofar karatu da gaske, bai kamata a raina shi ba. Amma shi ne kuma ya zaɓa musu darussa. Uwar ƙasa tana bukatar tarihi da nahawu, ba ta bukatar aljabara. Manyan malamai mata na zamanin, irin su Sappho Leontias da ta shugabanci makarantu a Izmir da Istanbul, a cikin wannan da'ira suka yi gwagwarmayarsu. Sun nemi a zurfafa ilimin mace, sun kuma yarda cewa gida ne inda zai yi amfani.

A matsayinki na malama, abin da zai fi jan hankalinki shi ne yadda wannan ya sauka a cikin aji. Har zuwa 1880 hanyar koyarwa ta hukuma a firamare ita ce wadda yara ke koyar da juna, wadda aka aro daga Ingila ta hanyar Faransa. Malama ɗaya za ta riƙe ɗaki mai yara fiye da ɗari. Ta zaɓi waɗanda suka ɗan fi, ta koya musu darasin, su kuma su tsaya gaban ƙananan rukunai da aka jera a jikin bango, kowane rukuni da allonsa a rataye, su riƙa faɗa ana maimaitawa. Ƙanana suna koyon haruffa da yatsa a kan yashi. Da ƙararrawa ko usur ake sauya aiki. Hanyar tana da arha, tana kuma aiki ga haruffa da haddar lissafi. Ba ta aiki ga kimiyya, domin yarinya 'yar shekara goma da aka ɗora a kan rukuni ba za ta iya amsa "me ya sa" ba, tsarin ma bai bar wurin yin tambayar ba. Da aka sauya zuwa koyar da aji gaba ɗaya a 1880, sai nauyin bayani ya dawo kan malama, ita kuwa abin da ta sani na fiziks shi ne sakin layin da ta haddace ta ci jarrabawa.

Sai matsalar harshe, wadda mutanen waje kan manta. Girkancin da ake magana da shi a gida da kasuwa daban, wanda ake rubuta littattafan makaranta da shi daban. Na biyun, katharevusa, harshe ne da masana suka gyara don ya yi kama da na magabata. Yarinyar da ubanta lauya ne tana jin irinsa a gida, tana ganin jarida. 'Yar makiyayi kuwa sai ta fara fassara jimlar a ranta kafin ta kai ga abin da jimlar ke faɗa game da zafi ko haske. A darasin tarihi hadda na iya rufe wannan rauni. A lissafi ba ta rufewa. An shigar da harshen jama'a ƙananan azuzuwan firamare a 1917, aka yi ta sa shi ana cirewa gwargwadon gwamnatin da ke mulki, bai tabbata a dukkan matakai ba sai 1976.

Ita malamar kanta rayuwarta ba mai daɗi ba ce. Yarinya ce 'yar shekara sha bakwai ko sha takwas, a tura ta garin da ba ta san kowa ba, albashinta a hannun shugaban ƙaramar hukuma, sauyin wurin aiki da kora kuma suna bin siyasa, domin ma'aikatan gwamnati ba su sami tabbacin aiki ba sai a tsarin mulkin 1911. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masu takardar koyarwa sun fi guraben aiki yawa, tunda makarantun mata ba su ƙaru da saurin da ake yaye malamai ba. Da yawa suka fita zuwa al'ummomin Girkawa a Makedoniya da Tarakiya da Asiya Ƙarama (ɓangaren Asiya na Turkiyya ta yanzu), da Masar da Romaniya da Rasha. Kallirroi Parren, wadda ta yi karatu a Arsakeio, ta koyar a irin waɗannan makarantu na waje kafin ta dawo ta kafa jaridar mata a Atina a 1887, ta riƙe ta shekara talatin. Ita da abokan aikinta sun buɗe makarantar ranar Lahadi don 'yan aikin gida da ma'aikatan masaƙu su koyi karatu da ƙidaya. Ki lura da bambancin: ga 'yar talaka yaƙi da jahilci da sana'ar hannu, ga 'yar masu hali fafutukar shiga jami'a. Ƙungiya ɗaya ce ke neman duka biyun, ba ta kuma ga wani saɓani a ciki ba.

Waɗanda suka fara tsallakewa, hanya biyu suka bi, kowacce da tsadarta. Ta farko fita waje. Sevasti Kallisperi ta nemi shiga Jami'ar Atina aka ƙi, ta tafi Paris a 1885, ta gama a jami'ar Sorbonne a 1891, ta dawo ta koyar, daga baya ta zama mai duba makarantun mata. Maria Kalapothaki, wadda mahaifiyarta Ba'amurkiya ce, a Paris ta karanta likitanci, ta gama a 1894, ta zama likita mace ta farko a Girka ta zamani. Hanya ta biyu ita ce iyaye su ɗauko malamai har gida su koya wa yarinya duk abin da makarantarta ta tsallake, Latin da aljabara da fiziks na shekaru huɗu, sannan ta je jimnasiyon maza ta zauna jarrabawa a matsayin wadda aka karantar a gida. Idan ta ci, ta sami takardar da jami'a ke nema, sai kuma a fara jayayya a majalisar jami'a ko za a karɓe ta. Ioanna Stefanopoli ce ta fara shiga, a 1890, a tsangayar falsafa. Mahaifinta mai jarida ne da ke fita da Faransanci a Atina. A 1892 Florentia Fountoukli ta shiga sashen lissafi, 'yan'uwa biyu kuma, Angeliki da Alexandra Panagiotatou daga tsibirin Kefaloniya, suka shiga likitanci. Babu 'yar talaka a cikin waɗannan sunaye, kuma ba don rashin basira ba ne.

Tarihin Angeliki Panagiotatou ya nuna cewa shiga jami'a daban, a yarda ki koyar a cikinta daban. Bayan ta gama ta ƙaro ilimi a Vienna, ta koma Iskandariya inda ta shafe shekaru tana aiki kan cututtukan ƙasashe masu zafi irin su kwalara da annoba. A 1908 aka ba ta matsayin malama a tsangayar likitanci ta Atina. Da ta shiga ba da darasi ɗalibai maza suka yi mata ihu ta koma kicin. Masar ta koma ta ci gaba da bincikenta, ba ta sami kujerar farfesa a ƙasarta ba sai 1938, a 1950 kuma Majalisar Masana ta Atina ta zaɓe ta mamba. A makarantar injiniyoyi ta Atina abin ya fi jinkiri: Eleni Kanellopoulou ta fita a matsayin mai zanen gine-gine a 1923. Yawancin matan da suka shiga jami'a a shekarun farko adabi da likitanci suka nufa. Dalilin a fili yake. Adabi shi ne abin da makarantunsu suka fi ba su, likitanci kuma ana iya kare shi da cewa mata da yara za su duba. Fiziks da kemistiri ba su da irin wannan uzuri, ba su kuma da aikin yi a ƙarshe, tunda babu sakandaren gwamnati ta mata da za ta ɗauki malamar fiziks.

Akwai gwaji ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa. A 1908 majalisar birnin Volos, bisa shawarar wani likita ɗan majalisar, Dimitrios Saratsis, ta buɗe babbar makarantar 'yan mata ta shekara uku, aka ba Alexandros Delmouzos shugabanci. Da harshen jama'a ake koyarwa. An rage nahawun tsohon Girkanci, aka ba sanin halittu da kiwon lafiya muhimmanci, ana fita da ɗalibai daji da bakin teku su ga abin da ake faɗa da idonsu, ana barinsu su yi tambaya. Ba a ɗauki lokaci ba aka fara zargin makarantar da lalata harshe da raina addini, aka haɗa ta da ƙungiyar 'yan ƙwadago ta garin. Bayan wata ziyara da babban limamin cocin yankin ya kai a 1911, aka tayar da jama'a, majalisar ta rufe makarantar. An gurfanar da Delmouzos da Saratsis da wasu a kotun Nafplio a 1914, aka wanke su, amma makarantar ba ta sake buɗewa ba. Ana yawan kawo wannan labari a matsayin juyin juya hali, kuma ta fuskar hanyar koyarwa haka ne. Sai dai 'ya'yan masu hali na birnin ne ɗalibanta, ba ta kuma kai kowa jami'a. Matan gida masu wayewa take son fitarwa. Ko wannan ɗan abin ma sai da ya kai mutane kotu.

Daga nan sauye-sauyen suka zo a jere. A 1914 gwamnati ta fara buɗe nata makarantun horar da malamai mata, abin da ya rage dogaro da masu karɓar kuɗi. A 1917 aka buɗe jimnasiyon mata na gwamnati. Kafin wannan ma, a garuruwan da babu wata makaranta, iyaye sun fara tura 'ya'yansu mata makarantun maza, hukuma ta kau da kai. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya da ya ƙare a 1922 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya suka shigo daga Asiya Ƙarama, cikinsu akwai zawarawa da marayu masu yawa, aikin mace ya zama dole ga dubban gidaje. Gyaran tsarin ilimi na 1929 ya mai da firamare shekara shida, jimnasiyo shekara shida, ya halatta cakuɗa maza da mata a firamare, wanda shi ne ya fi taimakon 'yar ƙauye, domin yanzu makaranta ɗaya ta ishi gari. Gyaran ya kuma tanadi wasu makarantun mata na shekara huɗu masu karkata ga aikin gida, amma ba su karɓu ba. Iyayen da suka iya barin 'yarsu ta wuce firamare sun gane takardar jimnasiyo ce mai amfani. A 1933 aka kafa kwalejojin horar da malamai na shekara biyu bayan sakandare, ga maza da mata, wato dole malamar firamare ta bi ta lissafi da fiziks na jimnasiyo kafin ta riƙe alli. A 1934 Roza Imvrioti ta zama mace ta farko da ta shugabanci jimnasiyo, a garin Kilkis. Ilimi ya zama kyauta a dukkan matakai a 1964, horar da malaman firamare ya koma jami'a bisa dokar 1982, dokar 1985 kuma ta tabbatar da cakuɗa maza da mata a makarantun gwamnati.

Idan za ki auna wanne ya fi nauyi, ya danganta da matakin da kike kallo. A ƙofar jami'a jinsi ne, domin an ƙi Kallisperi duk da gidansu na da hali. A ƙofar firamare ta ƙauye talauci ne ya fi, amma talaucin da ke zaɓar wanda zai hana: kuɗin malami ɗaya, ɗa namiji ya samu. A tsakiya, wato wajen malamai mata, su biyun sun cuɗe har ba a rabe su. Koyarwa ce sana'ar mutunci kusan ɗaya tilo da 'yar matsakaicin gida za ta yi, ita ce ta fitar da mata daga ɗaki ta ba su albashi da murya, kuma daga cikin malaman ne shugabannin gwagwarmayar mata suka fito. Amma horon da aka ba su an rage masa kimiyya da gangan, suka koyar da abin da suka samu, ɗalibansu suka zama malaman gaba.

Sawun wannan yana nan har yau, ko da yake siffarsa ta sauya. Mata sun fi maza yawa a jami'o'in Girka, su ne kuma mafi rinjaye a koyarwar firamare, a makarantun rainon yara kusan su kaɗai ne. A injiniyancin lantarki da na injuna da kimiyyar kwamfuta har yanzu su ne 'yan tsiraru. Shekaru da dama yawancin masu shiga sassan horar da malaman firamare daga ɓangaren adabi na sakandare suke fitowa, don haka malamar da za ta fara nuna wa yaro maganaɗisu da wutar lantarki sau da yawa ita ce wadda ta ajiye fiziks tun da wuri. Jami'ar gwamnati kyauta ce, amma da jarrabawar ƙasa baki ɗaya ake shiga, kusan kowane gida mai iko kuma yana biyan makarantun lesin na yamma da ake kira frontistirio, ko ya ɗauko malami har gida. Likitanci da manyan sassan injiniya suna cikin masu neman maki mafi yawa. Yarinyar da ke wani ƙaramin tsibiri ko ƙauyen kan dutse tana zauna jarrabawa ɗaya da 'yar unguwar masu kuɗi ta Atina, amma zaɓin malaman lesin da ke gabanta da kuɗin da iyayenta za su iya biya ba ɗaya ba ne.